Amsa: daga ina zan fara lojik don ontoloji?

Ɗan'uwa, ka tambaya daga ina za ka fara lojik kafin ka taɓa ontoloji (wato tsara wa na'ura nau'o'in abubuwa da alaƙar da ke tsakaninsu), to ai manɗiƙin nan ne da malamai ke karantarwa a zaure, asalinsa tun Aristotil: duk rago dabba ne, na turken gidanku rago ne, ke nan dabba ne, kuma na'ura da kanta za ta fiddo wannan ko ba ka rubuta mata ba. Fara da koyon yadda lojik ke aiki da kalmomin "duk" da "akwai wani", sannan ka sauke Protégé, manhajar gina ontoloji, kyauta ne, ka gwada OWL, hanyar rubuta ontoloji da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da ita a 2004. Amma fa kula, nan mutane ke tuntuɓe: in ba ka rubuta Mirriya na cikin jihar Damagaram ba, OWL ba ta cewa ƙarya ne, cewa take ba ta sani ba.