Lauya zai iya riƙe harkar rediyo da tele?

Malam, ka tambaya ko lauyan da bai taɓa aikin jarida ba zai iya shugabancin rediyo da tele, wallahi zai iya, jiya ma mun sha gardamar nan a fadarmu ta Birni har shayi ya huce. Duba Newton Minow na Amurka, lauya ne, shugaban ƙasa Kennedy ya ba shi shugabancin FCC, hukumar da ke sa ido kan rediyo da tele, a 1961, irin aikin da muka san hukumar sadarwa ta CSC da shi a da nan Nijar, ya tsaya gaban masu gidajen tele ya ce abin da suke nunawa kufai ne, gaba da gaba fa, wannan ƙarfin halin ya burge ni sosai. Daga baya ya shugabanci PBS, tashar telen jama'a ta Amurka, ya rasu a 2023 yana da shekara 97.