Dalilin da Gashin Naman Rago da Dankali Yake Yin Ruwa

Malama, kin tambayi abin da ya sa romo yake tsattsafowa ya jiƙa dankalin Turawan da ke saman naman da kike gasawa. Wannan girki, wato niƙaƙƙen nama da ake rufewa da damammen dankali a gasa (shepherd's pie a Turance), ya samo asali ne daga abincin Ingila, sai al'ummar da ta fito daga auratayyar Turawan Birtaniya da Indiyawa, a birane irin su Kalkata da Madaras, ta ƙara masa kayan yajin ƙasarta.

Matsalar tana cikin naman. Ki soya albasa har ta yi ja sosai, ki zuba citta, tafarnuwa, kurkum, kirfa da kanumfari, sannan niƙaƙƙen naman rago da tumatir kaɗan, ki bar tukunyar a buɗe har ruwan ya ƙone, ki ga mai ya fito a gefe. A ganina gaggawa a wannan mataki ce take ɓata girkin.

Dankalin kuma, bayan kin dafa shi kin tace shi, ki bar tururinsa ya fita kafin ki dama shi da bota. Ki shimfiɗa shi a kan naman bayan naman ya huce, ki ja layuka da cokali mai yatsu, ki gasa minti 30 a zafin digiri 200 na ma'aunin Celsius.