Tarar dala 75 a Atlanta: kada ya biya sai lauya ya ga takardar

Tambaya: Barista, ɗana ne mai shekara 20. 'Yan sandan birnin Atlanta suka tsayar da motar da yake ciki shi da abokansa biyu, suka sami ɗan ƙullin tabar wiwi a aljihun ƙofar da ke gefensa. Ba su tafi da shi ba, takardar sammaci kawai suka ba shi mai ɗauke da ranar zuwa kotun birni. Abokansa sun ce wai a Atlanta an daina ɗaukar wiwi laifi, ya biya dala 75 magana ta wuce. Girin kad gare shi, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, kuma muna da niyyar zuwa gida ganin dangi a ƙarshen shekara. In ba shi kuɗin ya biya mu rufa wa kanmu asiri?

Amsa: Hajiya, sannu da haƙuri, Allah ya shirya mana zuri'a. Kada ki ba shi kuɗin nan tukuna. Kada kuma ya ƙi zuwa kotu ranar da aka rubuta masa, don rashin zuwa shi ne ke sa alƙali ya ba da takardar kamu. Tsakanin yau da ranar nan akwai abin yi, kuma yana da sauƙi muddin ba a riga an biya ba.

Abokansa ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. A watan Oktoba na 2017 majalisar birnin Atlanta ta amince, ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, cewa wanda aka samu da wiwi ƙasa da oza ɗaya (kimanin giram 28) hukuncinsa a dokar birni shi ne tarar dala 75, babu ɗauri. Magajin garin lokacin, Kasim Reed, ya sa hannu. Ƙaramin birnin Clarkston ya riga su da shekara guda, Savannah ta biyo baya a 2018. Ni ina goyon bayan abin da biranen nan suka yi. Rahoton da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta ACLU ta fitar a 2020 ya nuna cewa a faɗin Amurka yiwuwar a kama baƙar fata kan wiwi ta ninka ta farar fata sau 3.6, alhali yawan shansu kusan ɗaya ne. Kwana a bayan kanta kan ƙulli ɗaya ya raba matasa da yawa da aiki da makaranta. To amma majalisar birni hukunci kawai ta sassauta, ba ta halatta komai ba, kuma ba ta da ikon halattawa.

Dokar jihar Jojiya, wadda Atlanta ke cikinta, tana nan yadda take: ƙasa da oza ɗaya ƙaramin laifi ne mai ɗauri har wata 12 ko tara har dala 1,000, sama da oza ɗaya kuwa babban laifi ne mai ɗaurin shekara 1 zuwa 10. Ɗan sandan birni ma yana da damar ya rubuta tuhuma da dokar jiha in ya ga dama. 'Yan sandan jiha da ke sintiri a manyan hanyoyi, da na jami'o'i, ba ruwansu da dokar birni. In mota ta ƙetare iyakar Atlanta da 'yan mitoci, sassaucin ya tsaya a baya. Kuma sassaucin na ganye ne. Man wiwi da ake zuƙa a na'ura da alewar da aka haɗa da shi sau da yawa babban laifi ake tuhumar mutum da su a Jojiya, komai ƙanƙantarsu. Saboda haka abu na farko, ki karɓi takardar nan ki duba lambar dokar da aka rubuta: ta birni ce ko ta jiha, kuma tuhuma ɗaya ce ko an ƙara wata. Irin wannan sassauci ba shi da gindin zama ma. A Tekzas, jama'ar Austin da San Marcos da Denton da Killeen da Elgin sun kaɗa ƙuri'ar hana 'yan sandansu kama mutum kan ɗan ƙaramin wiwi, babban lauyan jihar Ken Paxton ya maka su kotu a Janairun 2024, kuma a 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ba jihar gaskiya a kan Austin da San Marcos.

Duk wannan da sauƙi. Inda gizo ke saƙa shi ne dokar tarayya, domin ita kaɗai ke hukunta zaman baƙo a Amurka. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 1970 ta sa wiwi a rukuni na farko, tare da hodar heroyin. An daɗe ana maganar mayar da ita rukuni na uku, Ma'aikatar Shari'a ta gabatar da shawarar haka a 2024, amma ko a rukuni na nawa take, muddin tana cikin jerin, dokar shige da fice tana ganinta ƙwaya. Afuwar da Shugaba Biden ya yi a Oktoban 2022 ta shafi laifin tarayya ne da na birnin Washinton, ba ta taɓa hukuncin kotun jiha ko na kotun Atlanta ba.

Ga abin da abokansa ba su sani ba. Biyan tara ba sayen shiru ba ne, a mafi yawan kotuna amsa laifi ake lissafa shi. Dokar shige da fice kuma tana da nata ma'aunin abin da take kira hukunci: in mutum ya amsa laifi, ko ya ce ba zai yi jayayya ba, alƙali kuma ya ɗora masa wani abu, ko tara ce ko sa ido ko aikin gayya, to an yanke masa hukunci ke nan, ko da kotun da ta yi shari'ar ta ce daga baya ta share. Za ki ji ana cewa ya je ya ce "nolo" kawai, wato ba zai yi jayayya ba. A wurin hukumar shige da fice "nolo" da "na amsa" duk ɗaya ne. Haka tsarin da Jojiya ke yi wa mai laifin farko, inda za ka amsa laifi, a sa maka sharuɗɗa, in ka cika a sallame ka babu tabo. Ga ɗan ƙasa rahama ce. Ga mai girin kad, tabon yana nan a idon gwamnatin tarayya.

Wani zai ce ai dokar birni ce, ba ta jiha ba. An gwada wannan hujja. A 2012 hukumar ɗaukaka ƙara ta shari'o'in shige da fice ta duba batun wani mutum mai suna Cuellar-Gomez da kotun birnin Wichita ta jihar Kansas ta samu da laifin mallakar wiwi a ƙarƙashin dokar birni, ta ce hukunci ne cikakke. Lauya na iya kafa hujjar cewa laifin da tara ce kaɗai a kansa ya bambanta, amma ba zan so zaman ɗanki a ƙasar ya rataya a kan hujjar da sai an je gaban alƙali za a san makomarta ba.

Kada hankalinki ya tashi fiye da kima. Dokar ta yi togaciya: mai girin kad ba a tasa ƙeyarsa saboda laifi guda ɗaya na mallakar wiwi giram 30 ko ƙasa da haka don amfanin kansa. Oza ɗaya giram 28 ne da 'yan kai, don haka in tuhumarsa ta ƙasa da oza ce kuma ita ce ta farko, yana cikin togaciyar. Sai dai sau ɗaya take aiki. In an sake, ta biyun ba ta da mafaka, ko da ita ma tarar dala 75 ce.

Kuma togaciyar ta wanda ke cikin ƙasa ce. A ɓangaren dokar da ke magana kan wanda za a bari ya shigo, babu wannan sassauci na giram 30. Mai girin kad da ya aikata laifin ƙwaya, in ya fita ya dawo, ana iya ɗaukarsa a filin jirgi tamkar sabon mai neman shiga, a karɓe katinsa, a tura shi gaban alƙalin shige da fice, wani lokaci ma a tsare shi. Akwai yafiya da ake nema ga mai laifi ɗaya na giram 30 ko ƙasa, amma roƙo ce, tana da sharuɗɗa, ana iya bayarwa ana iya hanawa. A wannan ɓangaren ba lallai sai kotu ta yanke hukunci ba: in jami'i ya yi masa tambaya ya amsa da bakinsa cewa ya mallaki wiwi, wannan ma na iya isa. Shi ya sa tafiyarku ta ƙarshen shekara ta fi damuna fiye da zaman kotun.

Ki ji abin da ya faru da wani a jiharku. Adrian Moncrieffe ɗan Jamaika ne, an kawo shi Amurka yana ɗan shekara 3 da takardun zama cikakku. A 2007 aka tsayar da motarsa a Jojiya aka sami wiwi giram 1.3, abin da bai wuce naɗi biyu ko uku ba. Ya amsa laifin mallaka da niyyar rabawa a ƙarƙashin tsarin mai laifin farko, yana ganin ya tsira. Gwamnatin tarayya ta ce dillalin ƙwaya ne, aka ba da umarnin tasa ƙeyarsa. Sai a 2013 Kotun Ƙoli ta ce laifin nasa bai kai matsayin da aka ɗora shi ba. Shekara shida ke nan a kan abin da aka gama cikin mintoci a gaban alƙali. Motar da ke ɗauke da samari uku da ƙulli ɗaya, kalmar "rabawa" ba ta da nisa da bakin mai gabatar da ƙara, musamman in wani a cikinsu ya ce ai tare suke sha.

Abin da ke ba ni takaici da dokokin biranen nan shi ne an rubuta su ba a tuna da baƙi ba. Tun 2010, a shari'ar Padilla da jihar Kentaki, Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauyan da ke kare mutum ya gaya masa in amsa laifi zai jawo masa kora daga ƙasa. To amma lauyan gwamnati na kyauta haƙƙi ne da ke zuwa da barazanar ɗauri. Da aka cire ɗauri, sai ya zamana yaro na iya shiga kotu shi kaɗai, ya biya a taga, ya fito, babu wanda ya ja masa kunne. Saboda haka ku za ku nemi lauyan da kanku, kuma ku nemi wanda ya san ɓangarorin biyu, laifi da shige da fice. In ba a samu mutum ɗaya ba, na farkon ya tuntuɓi na biyun kafin a furta komai a kotu. Ki tambaye shi kai tsaye: me wannan zai yi wa girin kad ɗinsa? In ya ce ƙaramin abu ne kada ki damu, ki nemi wani.

Abin da lauya zai fara nema shi ne a kori ƙarar. Ba a jikin ɗanki aka sami ƙullin ba, a mota ne mai mutum uku, kuma aikin mai gabatar da ƙara ne ya tabbatar nasa ne. Motar wa ce, wa ya saba zama a wurin, me aka faɗa wa ɗan sanda, duk suna da nauyi, kuma hoton kyamarar da ke jikin ɗan sandan zai nuna. Batun binciken mota ba shi da ƙarfi sosai, don kotunan Jojiya sun daɗe suna karɓar warin wiwi a matsayin dalilin bincike, amma dalilin tsayar da motar tun farko abin dubawa ne. Akwai kuma gwaji. Dokar noma ta tarayya ta 2018 da ta Jojiya ta 2019 sun ware nau'in ganyen da sinadarin sa mayensa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, suka halatta shi, ido da hanci kuwa ba sa bambance su. Wannan ya sa a 2019 wasu masu gabatar da ƙara a kewayen Atlanta suka janye ƙananan ƙararrakin wiwi.

In korar ba ta samu ba, sai a nemi shirin da ake karkatar da ƙara kafin a amsa laifi: ya halarci aji ko ya yi aikin gayya, mai gabatar da ƙara ya janye. Sharaɗin shi ne kada ya amsa laifi a gaban alƙali, kada kuma ya sa hannu a takardar da ke cewa ya yarda da abin da aka ce ya yi. Lauya ya karanta kowane layi. Bayan wannan akwai sulhu a sauya tuhumar zuwa wadda ba ta ambaci ƙwaya ba, kamar tada hankalin jama'a, ko da tararta ta fi dala 75 nesa ba kusa ba. In duk hanyoyin nan sun toshe, to aƙalla takardar kotu ta fito fili da nauyin abin, ƙasa da giram 30, don amfanin kansa. Yana da damar neman a mayar da shari'ar kotun jiha, sai dai can hukuncin jiha ne zai hau kansa, don haka ba mataki ba ne da ake ɗauka da ka.

Shi kuma ki gaya masa ya kama bakinsa. Kada ya rubuta wa abokan nan komai a waya kan maganar, kada ya sa hoto ko barkwancin wiwi a Instagram, don jami'an kan iyaka suna duba waya. Kama baki ba ƙarya ba ce: ranar da zai nemi zama ɗan ƙasa, takardar za ta tambaye shi ko an taɓa ba shi sammaci, dole ya ce e, ko da an kori ƙarar, ya kuma haɗa da kwafin hukuncin mai hatimin kotu. Ɓoyewar ta fi laifin illa. Hukumar USCIS, mai kula da ba da shaidar zama ɗan ƙasa, ta bayyana tun Afrilun 2019 cewa mu'amala da wiwi na iya hana mutum shaidar kyawun hali ko da a jihar da ta halatta ne, har da yin aiki a shagon sayar da ita. In ya ziyarci Kalifoniya ko Niyok ya ga ana sayarwa a fili, wannan ba nasa ba ne.

Ba ki faɗa mini matsayinki ko na mahaifinsa ba, kuma yana iya sauya komai. A dokar da ta fara aiki a Fabrairun 2001, in ɗaya daga cikin iyaye ya zama ɗan ƙasa kafin yaro ya cika shekara 18, yaron yana da girin kad kuma yana zaune a hannunsa a Amurka, to yaron ya zama ɗan ƙasa kai tsaye ko da ba a taɓa cike masa takarda ba. Ki duba ranar da ke kan takardar shaidarku ta zama 'yan ƙasa ki gwada da ranar haihuwarsa. In haka ne, fasfon Amurka kawai za a nema masa, maganar kora ba ta taso ba. In ba haka ba ne, ki haɗa sammacin da katinsa da fasfonsa ku kai wa lauya cikin makon nan, kuma kada a yanki tikitin jirgi da sunansa sai an rufe ƙarar, lauyan shige da fice ya karanta takardar hukuncin ya ce ya tafi.