Injin zarton ado: a sayi sabo ko a kula da wanda ake da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Gwale, kuma a ranakun hutu nakan yanka sunaye da haruffan Larabci a jikin katako mara kauri da ƙaramin injin nan na kan tebur, mai siririn zarto da ke hawa da sauka. Wata biyu ke nan zarton yana yawan tsinkewa, wani lokaci kuma ya suɓuce daga mariƙinsa. Injin ne ya gaji, in nemi sabo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka taɓa kuɗinka tukuna, domin abin da ka bayyana ya fi kama da rashin kulawa fiye da tsufan inji. Ka cire filogi daga wuta, ka fara da ɗaurin zarton. Haƙoransa su kalli ƙasa, kuma idan ka tura shi gefe da yatsa kada ya karkata fiye da milimita 3. In ka tsunkule shi za ka ji ƙara siririya kamar ta tsirkiyar garaya. Zarton da aka ɗaura sako-sako lanƙwashewa yake yi a cikin katako har ya yi zafi ya tsinke, wanda kuma aka matsa fiye da kima yakan tsinke a lungun farko. Idan ka tashi daga aiki, ka sassauta shi.

Suɓucewar kuwa, sau da yawa maiƙo ne. Sabon zarto yakan zo da ɗan mai a jikinsa don kada ya yi tsatsa, wannan man yana taruwa a bakin kusoshin mariƙin, sai riƙon ya yi santsi. Ka goge ƙarshen kowane zarto da samfefa kafin ka ɗaura, ka kuma kwance kusoshin ka goge bakinsu. Na sha ganin injin da aka fid da rai da shi ya dawo daidai da wannan aikin na minti 5.

Sai yanayin Kano. Ƙurar hunturu takan haɗu da garin katako ta toshe kafofin iskar motar injin da 'yar zugazugin da ke hure layin yanka, saboda haka a share da burushi bayan kowane aiki, a rufe injin da zane. Da damina, musamman a watan Agusta, teburin ƙarfe yana kama tsatsa; a shafe shi da kaki a goge, amma ban da baƙin mai, domin zai ɓata katakon ya hana fenti kamawa. Gaɓoɓin hannuwan injin kuma a ɗiga musu man keken ɗinki kamar yadda littafin injin ya tsara, wasu kamfanoni suna cewa duk bayan awa 50 na aiki. Kuɗin da ka ware, ka kashe kaɗan daga ciki wajen sayen zarto masu kyau da yawa, domin zarto yakan dakushe tun kafin ya tsinke, kuma tura katako da ƙarfi a kan dakusasshe shi ke ƙarasa shi.

Tambaya: Ni uwa ce a Hotoro, ɗana yana son wannan sana'a, an kuma tallata mini inji na gwanjo daga Amurka a kan farashi mai sauƙi. In saya?

Amsa: Hajiya, ki sa a karanta farantin bayanin da ke jikin motar injin kafin ki biya. Wutarmu volt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, don haka inji irin DeWalt DW788 da aka yi wa kasuwar can zai ƙone idan aka jona shi ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, kuma dole ki lissafa kuɗinta a cikin cinikin. Ki zaɓi wanda mariƙinsa yake karɓar zarto mara fil a ƙarshensa, domin shi ne ke shiga ƙaramar huda idan za a yanke cikin harafi kamar mim. A kunna shi a gabanki, a yanka katako da shi, ki ɗora hannu a gefen teburin ki ji ko girgizarsa ta yi yawa.