Amsar tambayar Yaya kan hoton nan na ginin katako

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na ji saƙonki tun da safe, aiki ne ya riƙe ni. Kin ce me ya kai ni wancan kangon mai rufin kwano da na sa hotonsa ranar Lahadi, kuma wai a Amurka ma akwai irin wannan? To bari in amsa da murya, rubutu ba zai ɗauke shi ba.

Ba kango ba ne, Yaya, wallahi da ransa. Sunan wurin Gruene Hall, a wani ɗan gari da ake rubutawa Gruene amma ana kiransa Girin, a jihar Texas, tsakanin San Antonio da Austin. Daga gidana ba na cika awa ɗaya a mota. Jamusawa manoma ne suka kafa garin. Sun iso yankin a 1845, suka samu ƙasa mai kyau a bakin kogin Guadalupe, suka duƙufa noman auduga. Ɗan wanda ya fara zama a wurin, Henry Gruene, shi ya gina kanti da injin gurzar auduga, sannan a 1878 ya gina wannan zauren domin manoman da ke aiki a gonakinsa su samu inda za su taru su huta. To tun daga lokacin ake kiɗa a cikinsa. Shi ya sa suke cewa a duk Texas babu zauren rawa da ya daɗe yana aiki ba yankewa kamarsa.

Abin da ya taɓa min zuciya shi ne labarin mutuwar garin, don kamar labarinmu ne na Funtua. Mai garin ya rasu a 1920. A 1922 gobara ta cinye injin gurzar. Sai wani ƙwaro mai cin ƙwallon auduga ya shigo gonaki, kafin su farfaɗo kuma tattalin arzikin Amurka ya karye. Kowa ya tattara nasa ya nasa ya tafi, kantuna suka rufe. Zauren nan kaɗai ya ƙi rufewa. Haka garin ya zauna shiru shekara kusan 50, har wajen 1974 wani ɗalibi mai karatun zanen gine-gine ya biyo kogi a kwale-kwale, ya hango tankin ruwan garin, ya sauka ya ga gine-ginen. Shi ya yi ta faɗi-tashi har aka sa garin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa a 1975. A shekarar ce wani mutum Pat Molak ya sayi zauren.

Kuma ku ji abin da ya yi: kusan bai taɓa komai ba. Gyaran da ya zama dole kawai. Da ka shiga, daɓen katako ne, ya sha tafin ƙafa har ya yi santsi, yana ɗan ƙara idan ka taka. Dogayen tebura da benci, mutane sun sassaƙa sunayensu a jiki da wuƙa, wani kan wani. Allunan talla na shekarun 1930 da 1940 suna nan a bango. Babu na'urar sanyaya ɗaki, a zafin Texas fa, wanda bai da maraba da na Sakkwato a watan Afrilu. Gefen ginin marufai ne na katako, a ɗaga su sama iska ta ratsa, fanka na juyawa. Faɗinsa murabba'in ƙafa 6,000 ne kacal, amma mawaƙin nan George Strait, wanda yau yake cika filin ƙwallo da 'yan kallo, a wannan ɗan dandalin ya yi ta wasa lokacin ba a san shi ba. Willie Nelson, shi ma mawaƙi, ya sha hawa kansa.

Ranar da muka je, da rana ne, ba a karɓi ko sisi a ƙofa ba. Mutum huɗu ne a dandali, da jita da wani abu mai kama da gogenmu. Na ga wani dattijo, zai kai 80, da malafa da dogon takalmi, ya miƙa wa matarsa hannu, ta ajiye sandarta a jikin benci, suka shiga fili a hankali. Jikarsu tana biye da su tana kwaikwayon takun. Na daɗe ina kallonsu, Yaya.

Abincin kuma a maƙwabta yake, Gristmill. Kin tuna injin gurzar da na ce ya ƙone? Abin da wuta ta bari shi ne ɗakin tukunyar tururi, hawa uku na jan bulo. A cikinsa aka buɗe gidan abincin a 1977, ƙarƙashin tankin ruwan nan. An yi rumfunan katako hawa-hawa suna gangarawa wajen kogi, kana cin abinci a inuwar itatuwa kana jin ƙarar ruwa a ƙasa.

Na san abin da Kawu zai tambaya, gara in riga shi. E, ana sayar da giya a wuraren biyu, kuma akwai naman alade a jerin abincin. Ba zan ɓoye ba. Ni tarwaɗa soyayya na ci da soyayyar albasa, na sha shayi mai ƙanƙara, kuma sai da na tambayi mai kawo abincin da wane mai ake suyar. Kafin magariba mun kama hanya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ba, ya zaga garin kawai, ya ga tsohon kantin da gidan mai garin, ya sauka bakin ruwa, ya isa.

Amma ni tunanin da na dawo da shi gida, tsofaffin rumbunan audugar nan ne na wajen tashar jirgi da muke wucewa in za mu makaranta. Bangonsu ya fi na Girin kauri. Ba sai an yi rawa a ciki ba. A share, a gyara rufi, a shimfiɗa tabarmi, a sa mai tuwo da mai balangu, ranar Asabar a kira mai kukuma ko mai gurmi, yara su ji tarihin auduga daga bakin waɗanda suka ɗauki buhunta a ka. Mutanen nan ba kuɗi mai yawa suka zuba ba da farko, buɗe ƙofa suka yi suka bar ginin yadda yake.

Don Allah wanda ke gida cikinku ya leƙa min wajen tashar a makon nan, ya ɗauko min hoton babban rumbun nan na gabas, in ga ko rufinsa yana nan. Yaya, ki gaida Inna, ki ce zan kira ta bayan isha'inku.