Yadda masana ke auna giyar IPA ta Amurka

Tambaya: Ina aiki a wani gidan abinci a jihar Ohayo ta Amurka. Ni ba na shan giya, amma kullum baƙi suna tambayata wace IPA (India Pale Ale, wato wani nau'in giya mai ɗaci da ƙamshi) ce ta fi, wasunsu kuma suna duba wata lamba mai suna IBU a jikin gwangwani. Shin wadda lambarta ta fi girma ita ce ta fi kyau, kuma da me masana suke aunawa?

Amsa: Ɗan'uwa, lambar IBU ɗaci kawai take nunawa, kuma ko ɗacin ma ba ta faɗin yadda harshe zai ji shi. IPA ta Amurka yawanci tana tsakanin 40 da 70, amma idan aka zuba tsiron sha'ir da yawa, zaƙinsa yakan danne ɗacin, har ka ga mai lamba 70 ta fi mai 50 laushi a baki.

Ɗacin da ƙamshin duka daga furen wata shuka mai yaɗo suke fitowa, wadda ake kira hof. In ka murza busasshen furen a tafin hannu, za ka ga wani gari rawaya mai danƙo ya manne maka a fata, to nan ne sirrin yake. Idan aka daɗe ana tafasa furen, ɗaci ne ke fitowa, ƙamshin kuwa ya bi tururi ya tafi. Shi ya sa masu ƙananan masana'antun giya suke ƙara wani furen a ƙarshen dahuwa, ko ma bayan ruwan ya huce, domin ƙamshi ya zauna ba tare da ɗaci ya ƙaru sosai ba. Nau'in hof mai suna Cascade, wanda aka fitar a 1972 daga binciken da aka yi a jihar Oregon, shi ne ya kawo ƙamshin garehul da aka san giyar Amurka da shi, musamman bayan kamfanin Sierra Nevada na Kalifoniya ya fara amfani da shi a 1980. Nau'in Citra na baya-bayan nan ya fi karkata ga mangwaro da lemo.

Alƙalan BJCP, ƙungiyar da ke tantance alƙalan gasar giya, wadda aka kafa a 1985, suna bayar da maki 50: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take zama a baki 5, sai hukuncin gaba ɗaya 10. Ka lura da cewa kamanni maki 3 ne kacal, duk da yadda baƙi ke ɗaukar hoton kumfa. Alƙali yakan fara da hanci tun kumfar ba ta kwanta ba, domin ƙamshin hof ba ya jira. Bayan haka ya kurɓa, ya haɗiye, ba ya tofarwa kamar masu gwada ruwan inabi, saboda ana so a ji ko ɗacin ya wuce da tsabta ko ya maƙale a maƙogwaro. Sanyi mai yawa yana toshe ƙamshi, don haka ba a gwada ta da zarar ta fito daga ƙanƙara.

Akwai kuma salo biyu da ya kamata ka bambance wa baƙinka. IPA ta gabar yammacin Amurka garau take, mai ɗaci sosai, ita kuwa ta yankin New England da ke arewa maso gabashin ƙasar, wadda giyar Heady Topper ta jihar Vermont ta shahara da ita, gurɓi-gurɓi take kamar ruwan lemo, ɗacinta kaɗan, ƙamshinta mai yawa. A ganina kuskure ne a ce ɗaya ta fi ɗaya, domin kowace da ma'auninta.

Tunda ba ka sha, abin da zai fi yi maka amfani shi ne ranar zuba giyar da aka buga a gindin gwangwani. Ƙamshin hof yana dusashewa cikin 'yan watanni, kuma idan iska ta shiga, giyar takan koma warin jiƙaƙƙen kwali. Idan baƙo ya ce ka zaɓa masa, ka tambaye shi ko ɗaci yake so ko ƙamshin 'ya'yan itace, sannan ka miƙa masa wadda aka fi zubawa kwanan nan.