Lambar gwajin cikina ta hana ni bacci

TAMBAYA: Salam Anti likita dan Allah a taimaka min, al'adata ta wuce da kwana goma, na je wani ɗakin gwaji aka ɗebi jini aka ce hCG ɗina 1,400, bayan kwana biyu layi ya yi yawa a can sai na je wani daban, aka ce 1,900. Ƙawata ta ce ai ninkawa yake yi in cikin lafiya yake, wallahi tun jiya ban runtsa ba. Daga wata baiwar Allah, Ɗorayi, Kano.

AMSA: Wa alaikissalam 'yar uwa, kwantar da hankalinki. Ƙawarki ta yi gaskiya rabi da rabi, a farkon ciki sinadarin hCG da mabiyiya ke fitarwa yakan ninka cikin awa 48 zuwa 72, amma in lambar ta yi sama saurin yana raguwa, kuma akwai cikin da ba ya ninkawa daidai ya zo lafiya lau.

Inda aka samu matsala shi ne canza wajen gwajin. Shi hCG ɗin nan ba kamanni ɗaya yake yawo a jini ba, akwai cikakkensa, akwai ɓarinsa da ake kira beta, akwai wanda ya gutsure, to kowane kamfani da irin wanda injinsa ya fi kamawa, sai ki ga jini ɗaya an kai wuri biyu an fito da lamba biyu. Kamar ki auna gero da kwanon Dawanau ki dawo ki sake auna shi da na mai kanti a layinku, ai ba za ki ce geron ne ya ragu ba.

Ki koma wajen farko ko da layi ne, a sake ɗiba, likita ya haɗa da sikanin, don a wannan lambar sau da yawa an fara hango jakar cikin. In kina shan biotin na gyaran gashi ki faɗa musu, yana iya rikita wasu injinan. Kuma kar ki dinga siyan tsinken gwaji a kemis kina duba kaurin layi, shi eh ko a'a kawai yake faɗa, in kin sha ruwa da yawa ma layin dishi-dishi zai fito.

Amma fa in kika ji ciwon mara gefe ɗaya, ko jini, ko jiri, kar ki jira wani sakamako, ki wuce asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a take, don waɗannan suna iya zama alamun cikin da ya zauna ba a cikin mahaifa ba, shi kuwa ba ya jira.